Tagar da Ta Wuce Ma'auni

Malam Urrutia ya ce mako uku,
gini ɗaya, kwali da gam,
kowace mita ta koma santimita biyu.
'Yan ajinmu suka rarraba gari,
wannan ya ɗauki coci, waccan tashar jirgi.
Ni na ɗauki gidan da babu shi.

Gidan kakata Eduvigis ne,
can ƙololuwar tudun Valparaiso,
inda titi ke gajiya ya koma matattakala.
Gobara ta lashe shi ina 'yar shekara tara,
ba ta bar mana ko hoto ba,
sai mabuɗi guda a jakar kaka
da har yau bai sami ƙofarsa ba.

Na gangara kasuwa na roƙi kwalin ayaba,
mai kifi ya ƙara mini da nasa.
Shi ya sa bangon yamma ke ƙarni.
Kaka ta sansana, ta ce haka na ainihin yake
duk sa'ad da iska ta taso daga teku.

Na ɓare fatar kwali,
haƙarƙarinsa suka fito a jere,
ga kwanon rufi ya samu.
Tsinken ashana ya zama ƙafafun gida,
dogaye ta gangare, gajeru ta tudu.
Reza ta ɗanɗani yatsana sau biyu.
Gam ya ƙi kamawa saboda laima,
na tokare bango da gwangwanin madara,
na kwana a kansa kamar mai jinya.

Kaka na gefe tana ɓarar wake,
ido ɗaya a kwano, ɗaya a kaina.
"Ximena, matakai sha bakwai ne, ba sha biyar ba.
Na tara yana kuka.
Da shi nake sanin kakanki ya yi dare."
Yaya ake sa kwali kuka?
Na dai karkata shi kaɗan.

Sai muka zo kan taga.
Na auna, na zana, na yanka daidai lissafi.
Ta sa tabarau, ta leƙa, ta taɓe baki.
"Wannan ai ramin ɓera ne.
Tagata jiragen ruwa uku take ɗauka a jere,
har da ragowar wuri don wata."
Na ce kaka, bangon zai faɗi.
Ta ce, "Shekara arba'in bai faɗi ba."
Na ƙara yanka.
Ta ce ƙara.
Na ƙara, har abin da ya rage na bangon
bai fi faɗin farce ba.

Ranar kai aiki na rungumo shi,
ina saukowa a karkace kamar ƙaguwa,
iska na neman ƙwace rufin,
haɓata na danne shi.

Malam ya ɗora rula, ya ɗaga gira.
"Tagar nan ta wuce ma'auni.
Wa ya ba ki wannan awo?"
Na ce wadda ta tsufa a bakinta.
Ya rage mini maki biyu, da jan biro.
Sannan ya juya gidan ya fuskanci teku,
ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara,
ya sa ido ta ƙofar baya.
Ya jima a haka.
"Biyu nake gani," in ji shi.
Na ce a jira, na ukun yana hanya.

Yanzu gidan na saman kabad ɗin kaka.
Rufin ya soma lotsawa,
ashana ɗaya ta karye, na maye ta da allura.
Ta ajiye mabuɗin a gabansa,
ko da yake ya fi ƙofar tsawo.
Ta hana kunna kyandir a ɗakin.
Kullum kafin ta kwanta
sai ta cika kofi da ruwa
ta ajiye kusa da bangon yamma.